LABARIN ZUCIYA A TAMBAYI FUSKA? MATSI DA LAFIYAR HANKALIN YARA MASU KOYON SANA'AR RAWA



Sa'ad da aka liƙa sanarwar wannan lacca, wani abokin aikina ya tare ni a bakin ɗakin karatu, ya ce, "Haba Malam, duk abubuwan da ke damun ƙasar nan, ka rasa abin da za ka tara mutane a kansa sai rawa?" Ban ga laifinsa ba. A wurin Bahaushe rawa wasa ce. Mukan ce wasan gargajiya, filin wasa, 'yan wasa, abin da aka kira wasa kuwa ba a tsammanin zai raunana kowa. To, amma akwai ƙasashen da rawa ta zama sana'a wadda ake shiga makarantar kwana dominta, ana ɗaukar yaro tun yana ɗan shekara 10 ko 11, a yi shekara bakwai ko takwas ana horar da shi, kamar yadda ake horar da soja ko likita. A kan waɗannan yara zan yi magana, da irin nauyin da ke kan zukatansu, da kuma dalilin da ya sa manyan da ke tare da su kullum sukan zama na ƙarshe wajen lura da shi.

Rawar da nake nufi ita ce wadda Turawa ke kira bale. A fadojin sarakunan Italiya ta tsiro, amma a Faransa ta yi jijiya. Sarki Luwi na 14, wanda shi kansa ɗan rawa ne a ƙuruciyarsa, ya kafa majalisar masanan rawa a 1661, sa'an nan a 1713 aka kafa makarantar rawa ta gidan Opera na birnin Faris, wadda har yau tana nan. A Rasha an buɗe tasu a birnin San Fitasbag a 1738, ita ce yanzu ake kira da sunan malama Vaganova. Ingila ta makara, sai a 1926 wata mace mai suna Ninette de Valois ta buɗe makarantar da daga baya ta zama Makarantar Bale ta Sarauta. Ƙananan ɗalibanta suna kwana a wani tsohon gidan sarauta da ake kira White Lodge a gefen Landan, manyan kuwa, 'yan 16 zuwa 19, suna tsakiyar birni. Abin da ya sa ake ɗaukar su da ƙuruciya haka shi ne sana'ar gajeruwa ce ƙwarai. A gidan Opera na Faris ɗan rawa yakan yi ritaya yana da shekara 42, a wurare da yawa kuwa kafin a kai 40 jiki ya riga ya ce ya gaji. Sa'an nan akwai abin da mu ma muka sani, watau icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Bari in kwatanta muku ɗakin da ake koyarwa. Fili ne mai daɓen katako, da sanda doguwa a jikin bango wadda ake dafawa, bango guda kuwa madubi ne tun daga ƙasa har sama. Yaro yakan sa tufafi masu kama jiki, domin malami ya ga kowace gaɓa. Bayan karatun boko da yake yi kamar sauran yara, yakan yi sa'o'i da dama a cikin wannan ɗaki, kusan kowace rana ta mako. Ana koya masa ya juya cinyoyinsa waje tun daga ƙugu, abin da ba haka Allah ya halicci tafiyar ɗan Adam ba. Yarinya kuwa, in ta kai wajen shekara 11 ko 12, sai a ba ta wani takalmi mai taurin baki wanda za ta riƙa tsayawa da shi a kan ƙarshen yatsunta, nauyin jikinta duka a kan wurin da bai kai faɗin tafin hannun jariri ba. Yatsu su yi bororo, farce ya yi baƙi ya fita. Duk da haka, sharaɗin farko na wannan fasaha shi ne kada mai kallo ya ga alamar wahala. Tsalle ya zama kamar ba nauyi, fuska ta kasance a sake.

Na fara ganin wannan da idona ne lokacin da nake karatu a Ingila. Matar da nake haya a gidanta tana da 'ya 'yar shekara 15 da ke wata makarantar rawa, takan zo gida hutu. Wata rana da dare na shiga kicin na tarar da ita ta tsoma ƙafafunta a cikin roba cike da ƙanƙara. Da na ga yatsun sai da tsigar jikina ta tashi. Na ce mata sannu, na tambaye ta ko da zafi. Ta yi murmushi, irin murmushin da ban taɓa ganin mai kyau kamarsa ba, ta ce ba komai. A teburin cin abinci kuwa na lura takan yanka abincinta ƙanana ƙanana, ta yi ta juya shi a faranti har kowa ya tashi. Ban ce komai ba. Na ɗauka ladabi ne, har na yaba mata a zuciyata, na ce ga yarinya mai kunya kamar 'yar Hausawa. Kafin in gama karatuna aka kwantar da ita a asibiti wata uku, ba ta kuma koma makarantar ba.

Tun da ni malamin harshe ne, ku yi mini haƙuri in tsaya a kan kalmomi kaɗan. Likitan da ya yaɗa nazarin wannan al'amari, Hans Selye, wanda ya yi aiki a Kanada, ya fara rubutu a kansa a 1936, kalmar da ya yi amfani da ita kuwa injiniyoyi ke faɗinta game da nauyin da ake ɗora wa ƙarfe ko katako. Masu fassara a gidajen rediyonmu sukan ce damuwa. Ni a ganina damuwa ba ta ɗauke ma'anar duka ba, domin damuwa a zuci take, abin da ake nufi kuwa ya haɗa da abin da ya danno daga waje da yadda jiki ya amsa. Na fi son a ce matsi. In mutum ya shiga matsi, jikinsa yakan saki waɗansu sinadarai, zuciya ta ƙara bugawa, jini ya tafi ga tsoka, hankali ya tattaru wuri guda. Wannan ba ciwo ba ne, shi ne ma ke sa ɗalibi ya yi ƙoƙari ranar jarrabawa. Illar tana zuwa ne in matsin bai ɗaga ba, yau da gobe, wata da watanni, babu lokacin da jiki zai koma daidai. A nan barci ke lalacewa, fargaba ta zauna, zullumi ya zama abokin kwana, daga nan sai ciwo na sosai. Ga shi kuma mu Hausawa kalmominmu sun yi tsalle daga "yana cikin damuwa" zuwa "ya sami taɓin hankali", babu matakala a tsakani. Saboda haka uba ya gwammace ya ce ɗansa lafiya lau yake da a ji an danganta shi da kalma ta biyun.

To, me ya sa matsin ɗan makarantar rawa ya bambanta da na sauran ɗalibai? Ɗalibin lissafi in ya faɗi jarrabawa, takardarsa aka duba. Mai koyon ƙira in ya ɓata fartanya, ƙarfe ya ɓata, a mai da shi wuta. Ɗan rawa kuwa jikinsa ne kayan aikinsa, shi ne kuma takardar jarrabawarsa. In aka ce aikin bai yi kyau ba, yaro ɗan shekara 13 ba shi da hanyar raba wannan da cewa shi ne bai yi kyau ba. Abin da ya fi muni, ana shiga makarantar ne kafin balaga, a zaɓi yarinya saboda sirantarta da tsawon ƙafafunta, sa'an nan balaga ta zo ta yi aikinta, ƙugu ya buɗe, jiki ya tara kitsen da kowace mace mai lafiya ke tarawa. Yarinyar ba ta yi laifin komai ba, amma tana tsaye gaban madubi sa'o'i a kowace rana tana kallon jikinta yana kauce wa siffar da aka ɗauke ta dominta, ga sa'o'inta a jere kusa da ita tana gwada kanta da su. Shekaru da yawa al'adar irin waɗannan makarantu ita ce a riƙa tace ɗalibai lokaci lokaci, wanda aka ga bai dace ba a sallame shi. Ke nan abokiyar kwananki ita ce kishiyarki a kan gurbi guda. Wa za ki gaya wa kina jin tsoro?

Wannan siffa ta siranta ma ba tun fil azal take ba. In kun dubi hotunan 'yan rawa na ƙarni na 19 za ku ga mata ne masu jiki. A ƙarni na 20 ne aka koma son dogayen gaɓoɓi da ƙashi a bayyane, ana kuma yawan danganta wannan da George Balanchine, wanda ya kafa makarantarsa a New York a 1934. Ɗaya daga cikin fitattun 'yan rawar da suka tashi a hannunsa, Gelsey Kirkland, ta buga tarihin rayuwarta a 1986, inda ta bayyana yadda ta riƙa hana kanta abinci, da yadda ta faɗa shan hodar iblis. A 1997 wata 'yar rawa ta ƙungiyar birnin Boston, Heidi Guenther, ta faɗi ta mutu tana da shekara 22, zuciyarta ta tsaya, bayan ta daɗe tana fama da rage ƙiba. Mutuwarta ta sa ƙungiyoyin rawa na Amurka suka fara maganar abin da da ake rufewa.

Likitoci sun bi sawun abin da hana ciki ke yi wa jiki mai aiki tuƙuru. Tun a 1980 Rose Frisch ta Jami'ar Harvard da abokan aikinta suka nuna cewa 'yan mata masu koyon bale sukan makara wajen fara al'ada, waɗansu kuma ta ɗauke musu bayan sun fara. Dalili shi ne, in abin da ke shiga ciki bai kai abin da aiki ke ƙonewa ba, jiki yakan yi tsimi, ya rufe ayyukan da yake ganin za a iya jinkirtawa. Sinadarin da ke tafiyar da al'ada kuwa shi ne ke taimakon ƙashi ya yi ƙwari, shekarun balaga kuma su ne lokacin da mutum ke tara yawancin ƙarfin ƙashin da zai rayu da shi. Sai ƙashin ƙafa ya fara tsagewa a hankali saboda yawan dira. A 2014 Kwamitin Wasannin Olamfik na Duniya ya faɗaɗa bayanin wannan ciwo, ya ce ba mata kaɗai yake kamawa ba, har da maza. A wannan shekarar dai Jon Arcelus da abokan aikinsa a Ingila suka tattara bincike 33 da aka yi a kan 'yan rawa, suka sami cewa kashi 12 cikin 100 nasu suna da ciwon da ya shafi cin abinci, a cikin masu bale kuwa abin ya haura kashi 16, haɗarin da ke kansu ya ninka na sauran mutane wajen sau uku. Kada ku ɗauki wannan ciwo iyayi ko tsirfa irin ta 'ya'yan masu kuɗi. Ciwon ƙin abinci, wanda likitoci ke kira anoreksiya, yana cikin cututtukan hankali da suka fi kisa.

Rauni kuma nasa matsin daban ne. Yaron da ya ji ciwo a idon sawu ya san in ya faɗa za a ce ya zauna mako shida, a cikin mako shidan nan kuwa wani zai karɓi matsayinsa a wasan ƙarshen shekara, wanda shugabannin ƙungiyoyi ke zuwa kallo domin ɗaukar ma'aikata. Sai ya ɗaure ƙafar ya yi shiru. In kuwa raunin ya kai ga barin rawa gaba ɗaya, to, ga saurayi ko budurwa 'yar shekara 17 wadda tun tana 'yar shekara 5 ba ta san kanta da wani suna ba sai 'yar rawa. Masana halayyar ɗan Adam sun ce baƙin cikin da ke biyo baya yakan yi kama da na wanda aka yi wa rasuwa. Yara maza kuma suna da ƙarin nasu, domin ko a Turai ɗin yaron da ya ce rawa zai koya yakan sha gori wurin tsaransa.

Ba laifin sana'ar kaɗai ba ne, da hannun manya a ciki. A 2019 wata jaridar Ostiriya ta tona abin da ke faruwa a makarantar bale ta gidan Opera na birnin Biyana, gwamnati ta naɗa kwamitin bincike. Rahoton da ya fito a watan Disamba na shekarar ya ce an shawarci yara su sha taba domin kada su ji yunwa, ana kiran su da sunansu haɗe da lambar girman tufafinsu, ba a kuma lura da yawan aikin da ake ɗora musu. A watan Satumba na 2023 shirin Panorama na BBC ya ji daga bakin tsofaffin ɗalibai fiye da 50 na Makarantar Bale ta Sarauta da ta Elmhurst da ke Birmingham, waɗanda suka ce an riƙa muzanta su saboda jikinsu. Makarantun biyu sun musanta yadda aka ba da labarin. A farkon 2025 Makarantar Sarauta ta sasanta da wata tsohuwar ɗalibarta da ta kai ƙara, ta biya ta kuɗi, ba tare da ta amsa laifi ba. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai a cikin waɗannan labarai shi ne shekarun masu maganar. Kusan dukkansu sai da suka girma, suka bar makarantar, sa'an nan bakinsu ya buɗe.

Wannan ya kawo ni ga karin maganar da na sa a kan laccar. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Gaskiya ne ga yawancin mutane. Amma ga yaron da aka shekara bakwai ana koya wa fuskarsa ta yi murmushi yayin da yatsunsa ke jini, wace amsa fuska za ta bayar? An horar da ita ta yi ƙarya, an kuma ba ta maki a kan haka. Halin da ya sa yaron ya yi fice, watau dauriya da biyayya da son a ce aikinsa ba aibu, shi ne dai halin da ke ɓoye ciwonsa. Mu ma mun san darajar wannan hali. Sa'ad da Anthony Kirk-Greene ya yi laccarsa a kan mutumin kirki a wurin Hausawa, wadda aka buga a 1974, haƙuri da kunya da ladabi suna cikin siffofin da ya lissafa. Ba na jayayya da su, da su aka rene ni. Sai dai haƙuri ado ne ga babba wanda ya san abin da yake haƙuri dominsa, yana kuma da ikon cewa ya isa. Yaron da ba shi da wannan iko, in muka ga ya yi shiru muka ce mai haƙuri ne, wataƙila kanmu muke yabo saboda bai dame mu ba. Abin da na yi ke nan a kicin ɗin nan na Ingila.

An fara gyara, ko da yake tafiyar hawainiya ce. A 1990 aka kafa ƙungiyar duniya ta likitoci da masana lafiyar 'yan rawa, a 2012 kuma Ingila ta buɗe cibiyar ƙasa mai asibitin da ɗan rawa zai je a duba shi kyauta. Manyan makarantun yanzu suna da masana abinci da masu ba da shawara. Binciken da aka yi a kan matasa masu koyon rawa ya nuna abu guda a kai a kai: ajin da malami ke auna yaro da yadda yake jiya, ya ɗauki kuskure a matsayin hanyar koyo, yaransa sun fi natsuwa kuma sun fi daɗewa a sana'ar bisa ga ajin da ake jera yara ana cewa wane ya fi wane. Amma a ganina gyaran da ya fi kowane muhimmanci shi ne a raba kunnen da ke sauraron kuka da hannun da ke ba da maki. Muddin wanda yaro zai gaya wa ciwonsa shi ne mai yanke hukuncin ko zai hau dandali, yaro ba wawa ba ne, ba zai faɗa ba. Kuma kada a jira ya zo, a riƙa kiran kowa da kowa ana tambaya, domin kada shiga ofishin ya zama abin nuni.

Wani zai ce duk wannan can ne. To, a 2020 wani yaro ɗan shekara 11 a Legas, Anthony Madu, ya yi rawar bale ba takalmi a kan siminti ana ruwan sama, aka ɗauki hotonsa, duniya ta gani a intanet. Malaminsa, Daniel Ajala, shi ya koya wa kansa rawar, yana koyar da yaran unguwa kyauta. Aka ba yaron gurbin karatu a Elmhurst, a 2024 kuma aka fito da fim a kan tafiyarsa. Ban ce an cuce shi ba, labarinsa abin farin ciki ne. Amma wanda ya kalli fim ɗin ya ga abin da kewar gida ke yi wa yaro, ga kuma sanin cewa iyaye da unguwa da ƙasa duk sun zuba masa ido. Waɗansu za su bi sawunsa.

A nan gida kuma, duk wanda ya taɓa kallon 'yan koroso na Kano ya ga yadda ake lanƙwasa ƙananan yara ana cilla su sama, mu kuwa muna tafi. Ba su da makarantar kwana ko madubi, ba a kuma auna ƙibarsu, saboda haka ba zan ɗora musu ciwon Turai ba. Nasu nauyin wani iri ne. Ɗan bale ana matsa masa ne domin an ɗaukaka sana'arsa, ɗan rawarmu kuwa yana wahalar horo sa'an nan ya koma unguwa a kira shi ɗan iska, in ya tashi neman aure a tuna masa. Ku ma'aikatan hukumomin al'adu da ke kwasar waɗannan yara zuwa bukukuwa a Abuja da ƙasashen waje, ina so in tambaye ku: in yaro ya kwana da ciwon baya ko da tsoro a ransa, akwai wanda zai gaya wa ban da mai ƙungiyar da ke rubuta sunayen masu tafiya? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya daga cikin kowane yara bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsalar hankali. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar hankali ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, amma likitocin wannan fanni a ƙasar ba su kai 300 ba, ga mutane fiye da miliyan 200. Ba likita ne zai fara jin kukan ɗan koroso ba, ma'aikacin da ke riƙe da takardar alawus ɗinsa ne.

Ɗalibaina na aji uku kuwa, ga aikin hutunku. Ku je wurin masu koyon rawa da kiɗa da dambe a garuruwanku, ku zauna da yaran, ba iyayen gidansu ba, ku rubuto mini kalmomin da suke faɗa wa junansu in abin ya yi musu yawa. Ina zaton matakalar da na ce babu a tsakanin damuwa da taɓin hankali tana nan a bakinsu, mu ne ba mu shigar da ita ƙamus ba.

Shugaba, na ga lokacin da aka ba ni ya cika, na kuma ga an fara ɗaga hannu a baya.